Yadda Ake Kafe Ƙaramar Tirelar Kwana Don Kada Iska Ta Kifar Da Ita

Duk wanda ya tashi ƙera 'yar tirelar kwana, irin wadda ake ja da ƙaramar mota a tafi gona lokacin shuka ko girbi, ko wurin kiwon zuma, ko cin kasuwar ƙauye, abin da yake fara nanata wa mai walda shi ne kada ta yi nauyi. Yana da gaskiya, mai ya yi tsada, motar kuma ba yau aka saye ta ba. Sai a shiga kasuwar Panteka ta Kaduna a samo aksil ɗin tsohuwar mota da tayoyinsa, a haɗa casis da bututun ƙarfe, kafinta ya rufe jiki da filawud, a ɗora kwano a sama. Idan ta fito, mutum biyu sun isa su tura ta da hannu. To, an ce iska na wahalar da mai kayan kara, kuma akwatin filawud a kan taya biyu ba shi da maraba sosai da kayan kara.

Mu a Kaduna iska biyu ce ke damunmu. Ta hunturu tana kaɗowa daga arewa maso gabas tun daga Disamba har Fabrairu. Naci ne da ita, tana sassauta igiya, tana tura ka a kan titi, amma ba kasafai take kifar da abu ba. Wadda ake tsoro ita ce iskar hadari, musamman ta farkon damina, daga Afrilu zuwa Yuni, sai kuma wadda ke zuwa idan damina za ta yi sallama. Ita ce ke yaye kwanon azuzuwa ta karya turakun lantarki. Yawanci daga gabas take tasowa, kuma tana riga ruwa isowa. Idan ta iso ba a fara aiki, sai dai a ga sakamakon wanda aka riga aka yi.

Kayan da za ka tanada

- Bel ɗin ɗaure kaya mai ƙarfen matsewa, irin na direbobin manyan motoci, mai faɗin santimita 5, guda 6. Huɗu na kusurwoyi, biyu na kan rufi. Idan kuɗi bai kai ba, igiyar nailan mai kaurin milimita 12 za ta yi, zan nuna yadda ake matse ta. Robar tub da 'yan acaɓa ke ɗaure kaya da ita ba ta cikin lissafi ko kaɗan, domin miƙewa take yi.
- Turaku 8 na rodi mai milimita 16, tsawon santimita 80 zuwa mita 1. Mai walda ya fiƙe bakin kowanne, ya walda zobe kusa da kai. Idan akwai guntayen ƙarfen angul, sun fi rodi riƙo a ƙasa mai laushi.
- Guduma mai nauyi, diga da shebur.
- Jak 4. Tsofaffin jak na ƙananan motoci suna nan birjik wurin masu sayar da kayan gyara. In babu, bulo da guntayen katako.
- Waigi 4, wato abin tokare taya, da guntayen falanki da za a sa ƙarƙashin jak.
- Jarkoki masu lita 25, guda 4 zuwa 6, da buhunan wofi kamar 6.
- Sarƙa biyu masu ƙugiya, geji na awon iskar taya, tef ɗin awo, filam irin na magina, tocila.
- Sikeli. Ba sai ka saya ba, za ka iya aron na 'yan hatsi ko na 'yan gwangwan.

Ɗan lissafi kafin a fara

Abu ɗaya nake so ka riƙe: idan gudun iska ya ninka sau biyu, ƙarfin turinta sau huɗu yake ninkawa. Iska mai gudun kilomita 70 a awa tana danna kowace murabba'in mita ta bango da nauyin da ya kusa kilo 25. Idan ta kai kilomita 100, ya zama kusan kilo 50.

Ɗauki tirela mai tsawon mita 2.4, wato tsawon filawud ɗaya, da bango mai tsayin mita 1.5. Gefenta ya kai murabba'in mita 3.6. A iskar kilomita 100, kilo 180 ke tura ta, kuma tsakiyar wannan turin yana wajen mita 1.25 daga ƙasa. Ninka su, ka samu 225. Abin da ke riƙe ta kuwa shi ne nauyinta a ninka da rabin tazarar da ke tsakanin tayoyi. Idan kilo 300 ce, tazarar kuma mita 1.5, ka samu 300 sau 0.75, shi ma 225. An yi kunnen doki ke nan, taya ɗaya ta fara barin ƙasa. Amma da goshinta iskar ta daka, mai faɗin mita 1.2, rabin wannan ƙarfin kawai za ta ji, kuma kifar da tirela ta tsawonta ba ƙaramin aiki ba ne. Duk matakan da ke tafe daga wannan lissafin suka fito.

1. Aikin da ake gamawa tun a wurin mai walda

Ka sa a walda maka zobba huɗu masu kauri a kusurwoyin casis, a jikin babban ƙarfen da ke ɗauke da komai. Nan ne bel zai riƙa kamawa. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya ɗaura igiya a marfin taya, ko a hannun ƙofa, ko a wani katako na jiki. Iska na bugowa abin zai ɓalle ya bar tirelar. Ka tsaya a kansa ya yi cikakkiyar walda zagaye da zoben, ba ɗigo-ɗigon da ake yi wa ƙofar shago ba.

Sannan ka leƙa ƙasa ka ga da me aka haɗa ɗakin da casis. Idan ƙusa ce, a sake. Noti ake sawa mai ratsa katakon daɓe da ƙarfen duka, da faffaɗan wasa, wato faifan ƙarfen da ake sa wa noti, sama da ƙasa, aƙalla uku a kowane gefe. Ba amfani ka kafe casis da ƙasa alhali ɗakin yana iya tashi ya bar shi.

Rufi kuwa, kafintocinmu sun saba barin leɓen kwano ya fito sosai saboda feshin ruwa, kamar yadda ake yi wa gida. A tirela wannan leɓen shi ne inda iska ke sa hannu ta ɗaga. Kada ya wuce santimita 5, a lanƙwasa shi ƙasa a ɗaure da sukurori masu roba. Idan ka ɗora farantin sola, a kwantar da shi kusa da rufi a ɗaure kusurwa huɗu da noti. Kowace ƙofa da taga ta samu sakata ta ƙarfe ciki da waje.

Idan ba a fara ƙirar ba tukuna, ga ra'ayina: ka haƙura da tsayawa tsaye a ciki. Ɗakin da za ka zauna ka kwanta ya isa. Tsayawa, salla da girki duk a waje ake yinsu. Kowane taƙi da ka ƙara a tsayi, ka ƙara wa iska wurin kamawa, ka kuma ɗaga inda take turawa. Kuma kada a yanke aksil don tirelar ta yi siriri, faɗin tayoyin nan shi ne ƙafarta.

2. Rabon kaya da awon wuya

Kaya masu nauyi duk a daɓe, kusa da aksil: batirin sola, jarkokin ruwa, tukunyar gas, akwatin kayan aiki, buhun abinci. Katifa, bargo da tufafi su ne na sama. Kan rufi kada ka ɗora komai, ban da farantin sola. Kowane abu mai nauyi a ɗaure shi, domin jarka ɗaya da ta zame zuwa baya a kwana ta isa ta canza yadda tirelar ke bin mota.

Kashi 60 cikin 100 na nauyin kaya ya kasance gaban aksil, wato ɓangaren mota. Abin da ake nema shi ne wuyan tirelar, ƙarfen nan da ke maƙalewa a bayan mota, ya danna ƙugiya da kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na dukan nauyinta. Tirela mai kilo 400 da kayanta, wuyanta ya auna kilo 40 zuwa 60.

Ga yadda ake awo. A wuri mai lebur, ka hau da taya ɗaya kan sikeli, ɗaya tayar a kan falanki mai tsayi daidai da sikelin. Rubuta. Juya ka auna ɗayar. Sannan ka ɗora wuyan a kan guntun katako a tsaye bisa sikeli, tsayinsa daidai da na ƙugiyar motarka. Haɗa ukun, shi ne nauyinta. Idan babu sikeli, ka ɗaga wuyan da hannu biyu. In ka ji kamar kana ciccibar buhun siminti, wanda kilo 50 ne, kana kan hanya. In ya taso maka da hannu ɗaya ba wahala, baya ta yi nauyi, mayar da kaya gaba. Kada kuma ka zarce, wuyan da ya yi nauyi da yawa yana danne bayan mota ya sa sitiyari ya yi sako-sako.

3. A kan titi

Kafin ka tashi, auna iskar tayoyin tirela da na bayan mota tun da sanyinsu. Taya mai laushi ita ke fara kawo lilo. Tabbatar ƙugiya ta kulle, ka maƙala sarƙoƙin nan biyu a gicciye ƙarƙashin wuya, yadda ko ya fita za su tare shi kada ya caki kwalta. Fitilun baya su yi aiki. Kuma ba a ɗaukar mutum a cikin tirela tana tafiya, ko da daga nan zuwa bakin layi ne.

Ni ba na wuce kilomita 70 da tirela ko da rana ta yi kyau. Idan na ga ganye da leda suna tsallaka titi a guje, sai in sauko zuwa 40 ko 50. Wuraren da iska ke mamayar direba sanannu ne: kan gadojin Kogin Kaduna, da filayen gonaki na hanyar Zariya inda ba abin da ke tare ta, da duk inda ka fito daga tsakanin gine-gine ko itatuwa zuwa sarari. Ka rage gudu kafin ka shiga, ba bayan ta buge ka ba.

Sai manyan motoci. Wanda ya saba bin Mararrabar Jos ko Tafa ya san yadda tanka ke wucewa ta gefenka: da farko iskarta ta tura ka waje, tana gota ka kuma ta janyo ka ciki. Da ka hango ta a madubi, ka ɗan matsa dama, ka riƙe sitiyari da hannu biyu, ka bar ta ta wuce.

Idan tirela ta fara lilo, kana ganinta a madubi tana leƙowa hagu tana leƙowa dama, jikinka zai ce ka taka birki. Kada ka taka. Kada kuma ka yi ƙoƙarin gyara ta da sitiyari, domin kullum hannunka zai makara, sai ka ƙara mata. Ɗaga ƙafa daga totur a hankali, miƙe sitiyari, bari gudu ya mutu da kansa. Wasu direbobi na cewa a ƙara wuta ta miƙe. Ƙaramar mota ba ta da wannan ƙarfin, kuma lilo da gudu yake ƙaruwa. Da ta lafa, ka sauka gefe ka sake rabon kaya. In kuwa hadari ne ya tare ka a hanya, nemi gidan mai ko bayan wani gini ka jira.

4. Zaɓen masauki

Maganar tsaro ba sai na tuna maka ba, ka sauka inda mai unguwa ya san da zuwanka, kusa da mutane. Bayan wannan sai maganar iska.

Nemi wuri mai lebur da ke yamma da wani abu mai ƙarfi, gini, katangar da aka yi wa ginshiƙai, ko tudu, domin ya tare maka gabas. Tsohuwar katangar bulo marar ginshiƙi kuwa ka ba ta tazarar da ta fi tsayinta, ita ma faɗuwa take yi. Inuwar itace tana da daɗi da rana, amma kada ka kwana ƙarƙashinta da damina. Reshen darbejiya ko na turare da ya karye ya fi ƙarfin rufin filawud, ga kuma tsawa. Kauce wa ƙarƙashin wayar lantarki, da kan tsauni, da fadama ko bakin rafi, inda ƙasa ke zama taɓo ta saki turke.

Juya tirelar wuyanta ya kalli gabas da damina, arewa maso gabas da hunturu. Ba ka rasa gane gabas, inda ka fuskanta ka yi salla ya ishe ka ma'auni. Idan da hali, bar ta a maƙale da motar, ka ja birkin hannu ka sa giya. Motar ta ninka ta nauyi sau uku ko fiye, ta zama turke, ta kuma tare mata goshi. Idan dole sai an raba su, ajiye motar a gicciye a gabanta, tazarar taku biyu.

5. Waigi da jak

Kowace taya waigi biyu, gaba da baya, a buga su su shige sosai. Ɗora filam a daɓe ka daidaita, ko kwalbar ruwa a kwance ka duba kumfar. Sannan jak a kusurwa huɗu, a ƙarƙashin casis, kowanne a kan falanki. Murɗa har ya kama, ka ƙara zagaye ɗaya ko biyu, ka tsaya. Ba ɗaga tirelar ake so ba, tayoyi su ci gaba da ɗaukar nauyinsu. Amfanin jak shi ne ya kashe rawar sifirin, domin tirelar da ke rawa ita iska ke samun damar jijjigawa har turaku su yi sako-sako. Idan bulo za ka jera, kwantar da shi yadda magini ke ɗora shi, ka cike saman da katako.

6. Kafa turaku da ɗaure bel

Nan ne aikin yake, kuma nan ne ake yawan yin ha'inci saboda gajiyar tafiya.

Daga kowane zobe na kusurwa, auna santimita 60 zuwa 70 waje, a karkace, ba gefe sak ba, ba gaba sak ba. Haka bel huɗun za su ja kusurwa huɗu daban-daban, duk inda iska ta juyo akwai mai tare ta. Kafa turken a jirkice, kansa yana kallon nesa da tirela, bakinsa yana nutsawa zuwa ƙarƙashinta. Idan ka kafa shi a miƙe, ko ya sunkuyo wajen tirelar, bel zai zare shi ta tsawonsa ba tare da wahala ba. Buga shi har sai zoben ya kusa taɓa ƙasa. Turken da rabinsa ke waje lanƙwashewa yake yi.

Maƙala bel, ka matse kaɗan-kaɗan kana zagayawa: gaba dama, baya hagu, gaba hagu, baya dama. Idan ka gama matse ɗaya kafin ka taɓa sauran, za ka janye tirelar daga kan jak. Ka murɗa kowane bel sau ɗaya a tsakiyarsa kafin ka matse, wannan ke hana shi kaɗawa da kukan da ke hana barci. Ragowar jelar a naɗe a ɗaure.

Sauran bel biyun su haye kan rufi, ɗaya ta gaba ɗaya ta baya, daidai inda ƙarfe ko katakon firam ya ratsa ta ciki. Kowanne ya sauka kan turke a hagu da dama, kamar mita 1 daga jiki. Waɗannan su ne ainihin masu hana kifewa, domin sun kama ta daga sama inda iska ta fi ƙarfi. Sa guntun tsohon kafet ko fallen taya a gefen kwano, in ba haka ba kaifinsa zai yanke bel cikin dare ɗaya. Matsewar a yi ta da hankali, kada a ɓurma rufin.

Idan ka gama, sa kafaɗa ka tura bango da iyakar ƙarfinka ta kowane gefe. In ta motsa, ko ka ga ƙasa ta tsage a gindin wani turke, aiki bai ƙare ba.

Ƙasa kuwa ba iri ɗaya ba ce. Jar ƙasa mai marmara, wadda ta yi yawa a kewayen Kaduna, tana riƙe rodi da kyau, sai dai kafin ruwan farko ta yi tauri har guduma na dawowa. Tona ɗan rami da diga, zuba ruwa, je ka sha shayi, ka dawo ka buga. A yashi ko ƙasar da aka yi wa huɗa, turke ɗaya ba ya riƙo. Kafa na biyu taku ɗaya a bayan na farko, ka ɗaure kan na farkon da gindin na biyun. Idan ƙasar ta yi laushi ƙwarai, sai a binne gungume: tona rami mai zurfin santimita 60 a gicciye da inda bel zai ja, samo itace mai kaurin cinya da tsawon mita 1, ɗaura masa sarƙa ko igiya a tsakiya, kwantar da shi a ramin. Yanka siririyar hanya daga ramin zuwa wajen tirela don igiyar ta fito a karkace, ba ta hau sama ta ɗago gungumen ba. Mayar da ƙasa kana tattakewa. Tsohon rim ko safayar taya ma suna yin wannan aikin.

A kan dutse, siminti ko intalok, inda ba halin kafa komai, nauyi ne zai maye gurbin turke. Buhun yashi biyu ko jarka biyu a kowace kusurwa, a haɗe su da igiya, bel ya kama su. Ko ka zagaya bel a falanki mai kauri ka hau kansa da tayar mota. Kada ka ɗaure a famfon ruwa, ƙafar tankin ruwa ko turken lantarki.

Mai igiya kuma ga dabararsa: ninka ta biyu tsakanin zobe da turke ka ƙulle, zura gajeriyar sanda a tsakanin zaren biyu, ka yi ta murɗawa har ta yi tauri, sannan ka ɗaure sandar kada ta warware. Ka kula da fuskarka, in ta kuɓuce dawowa take yi da ƙarfi.

7. Ƙarin nauyi, da maganar rumfa

Cika jarkoki huɗu ka jera su a daɓe kan aksil, ka ƙara kilo 100 ke nan. A lissafinmu na ɗazu, 225 ta koma 300. Idan ruwa na da wuya a wurin, cika buhuna da ƙasa, ranar tafiya ka zazzage ka naɗe. In ka san ta inda iskar za ta fi bugowa, jera nauyin ta wannan gefen.

Rumfar tamfol da ake kafawa a gefe don shan iska ita ce ta fi jawo ɓarna. Faɗinta sau da yawa ya fi na bangon tirelar, kuma iska ta ƙasa take shigar mata. Idan an ɗaure ta tam da rufi, tare za su tashi. Ka yi mata sanduna da turakunta daban, inda ta haɗu da tirela a maƙala da ƙugiyoyin da mutum ɗaya zai cire cikin minti biyu. Da damina ba na kwanciya sai na sauke ta, ko da taurari sun cika sama.

8. Idan hadari ya haɗo

Ka riƙa sauraron hasashen NiMet, hukumar kula da yanayi ta Najeriya, a rediyo ko a waya, amma idonka ya fi kusa. Zafi ya yi tsanani, ganye ya daina motsi, gabas ta yi baƙi ƙirin, walƙiya na wasa a ƙasan gajimaren. Da ka ji wata iska mai sanyi da ƙanshin ƙasa ta taɓa ka, saura 'yan mintoci.

Fara da rumfa. Sai kujeru, bokiti, tabarma, tukwane, duk abin da zai iya tashi ya fasa taga. Kashe wuta, rufe kan tukunyar gas. Zagaya bel shida ka ƙara wa kowanne matsi. Rufe tagogi da ƙofa ka sa sakata, musamman na ɓangaren iska, domin idan ta samu shiga ba ta samu fita ba, rufi take turawa daga ciki. Kuma tunda an rufe ko'ina, kada a shigar da gawayi mai ci ko a kunna risho a ciki, kada janareta ya yi aiki kusa da taga. Hayaƙin da ke kashewa ba shi da wari.

Sannan kowa ya fita ya shiga mota, a ɗaga gilashi, ko a shiga ginin da ke kusa. Na san za a ce nauyin mutane na taimaka wa tirelar ta zauna. Haka ne, amma wannan aikin jarka ne, ba na 'ya'yanka ba. Jikin mota na ƙarfe ya fi ba da kariya daga tsawa da tarkacen da ke tashi. Idan bel ya tsinke ana tsakiyar iska, kada ka fita gyara, fallen kwanon da ya taso daga wani rufin ba ya sallama. Mafi tsananinta ba ya daɗewa, da ruwa ya kankama yawanci takan sassauta.

9. Bayan ta wuce

Ɗauki tocila ka zagaya, ko da tsakar dare ne, domin wani hadarin na iya biyo baya. Ƙasa ta jiƙe, turakun da suka yi ƙam da yamma yanzu suna iya motsi da hannu. Wanda ya yi sako-sako a zare shi a kafa a sabon wuri, taƙi biyu daga tsohon ramin. Jak zai iya nutsewa, ƙara masa falanki ka sake murɗawa. Bel da igiya sukan saki idan sun sha ruwa, a sake matsewa.

Da gari ya waye ka duba waldar zobba ko ta tsage, notocin daɓe ko sun kwance, da sukurorin rufi. Bel ɗin da gefensa ya fara zarewa, ko rana ta cinye shi ya yi fari yana ƙura, a mayar da shi ɗaurin itacen girki. Wurin zare turke, zura wani rodin a zoben ka murɗa hagu da dama kana ja sama ta yadda ya shiga. Shanya bel ya bushe kafin ka naɗe, ka ɗiga baƙin mai a ƙarfen matsewar.

Idan ka dawo gida ka ajiye ta a tsakar gida ko ƙofar gida, a nan ma a sa mata waigi da jak, a bar jarkoki biyu cike a ciki, a ɗaure aƙalla bel biyun kan rufi har damina ta fita.